Sarƙar da aka ɗaura baibai

Magini ya zura yatsu uku cikin tsagar bangon ɗakin Inna, ya ce saiwar mangwaron tsakar gida ce, kuma bangon ba zai ga ƙarshen damina ba. Ko a sare bishiyar, ko Inna ta bar ɗakin. Inna ta ce ba inda za ta. Kan bishiyar kuwa ba ta ce uffan ba. Marigayi mijinta ne ya dasa ta, shi da ya shekara talatin yana kayar da bishiyoyin mutane da injin zarto.

Auta, ɗanta, tela ne, kuma yana cikin masu ganin duk wanda ya iya kwance keken ɗinki ya gama sanin inji. Ya je wurin mai kayan gwanjo, ya dawo da tsohon injin zarto a buhu, duk tsatsa da daskararren baƙin mai.

Sati guda ya yi a kansa. Ya shimfiɗa tabarma, ya jera notuna a murfin tukunya, ya wanke kafireta da fetur da tsohon buroshin haƙori. Ya sauya fulogi, ya sa sabuwar igiyar tayar da injin, ya cire sarƙar ya wasa haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Inna na zaune a bakin ƙofa tana kallo kamar mai jiran mota.

A ja na tara injin ya tashi, kajin maƙwabta suka watse. Auta ya kafa zarton a gindin bishiyar. Sai hayaƙi da ƙauri. Rabin awa yana gumi, bai wuce kankare ɓawo ba.

Washegari ya sake wasa haƙoran. Rana ta uku ya sake kwance kafireta, wadda ba ta yi masa laifin komai ba.

"Inna, Baba ma haka ya riƙa fama?"

"Uhm," in ji ta.

Rana ta huɗu haushi ya ci shi. Ya danna zarton da dukan ƙarfinsa, har da sa gwiwa. Sarƙar ta yi zafi ta saki, ta yi tsalle daga kan ƙarfenta, ta farke masa wando daga cinya zuwa ƙwauri. Jikinsa ko ƙwarzane babu. Ya kashe injin, ya tsaya yana kallon yagar.

Inna ta taso ba takalmi. Ta sa bakin zane ta ɗaga sarƙar.

"Baibai ka ɗaura ta. Haƙoran sama gaba za su kalla, ba kai ba."

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun ranar da ka mayar da ita."

Ya ji kunya, ya ji haushi, amma tausayinta ya fi yawa.

Ta durƙusa ta ɗaura sarƙar da kanta, ta ɗan ja ta da yatsa biyu ta ji ɗaurinta, yadda ta saba yi wa mai gidanta kafin ya fita aiki.

"Ka fara tsaga wa bishiyar baki ta wajen filin can, don ta faɗi nesa da ɗaki. Kuma ka cire ƙafarka daga hanya."

Ta ɗauki kujerarta ta fita ƙofar gida, ta zauna ta ba gidan baya.