Ba Takardar Shinkafa Ba Ce

Aji huɗu na yi a firamare na bari, na kama gyaran babur a Batsari. Ƙanwata Mahfuza ce ta yi nisa. Tana koyarwa a Safana, ga miji ga 'ya'ya uku, ta kuma ɗora wa kanta digiri na biyu. Bana aka ce ko ta kai bincikenta kafin ƙarshen zango, ko a cire sunanta.

Binciken a kan mutanen ƙauyukan Ruma ne da suka gudo cikin gari: me ya hana 'ya'yansu komawa makaranta. Takardar tambayoyi tamanin za a cike. Ita Asabar da Lahadi kawai take samu, sai ta zo garejina ta miƙo mini arba'in.

"Yaya, ka karanta tambaya yadda take. Kada ka ƙara, kada ka rage. In mutum ya yi shiru kada ka sa masa amsa a baki."

"In amsar banza ya bayar fa?"

"Ka rubuta ta banzar."

"Digirin ke nan?"

"Shi ke nan. Kuma kafin komai ka karanta masu layin nan na sama, cewa ba za a ba kowa komai ba, wanda ba ya so ya tafi abinsa."

Na ce mata layin nan shi zai kashe aikin. Ta ce wata uku aka yi ana koya masu amfaninsa. Na karɓi takardun.

Ranar farko na je kangon da wasunsu suke zaune na karanta layin. Wani dattijo, Malam Armaya'u, ya dube ni.

"Mi za a ba mu, ka ce?"

"Ba komai, Baba."

"To mi ya kawo ka?"

Mutum uku na samu har la'asar. Na rufe gareji wuni guda saboda mutum uku. Washegari na tsallake layin. Da aka tambaye ni na ce ba a sani ba, wataƙila wani abu ya biyo baya. Ni ban ambaci shinkafa ba, su suka ambata, na dai ƙi musawa. Kafin azahar an yi layi har bakin titi. Kwana uku na gama arba'in, na kai mata Safana ina jin kaina.

Bayan sati biyu ta dawo daga wurin malaminta. Ta zauna a bencin gareji ba ta ko kaɗe shi ba, ta raba takardun gida biyu a cinyarta.

"Waɗannan nawa ne. Wani ya ce nisa, wani ya ce tsoro, wata ta ce yaron yana dako a kasuwa. Waɗannan naka ne. Ban da uku, kowa ya ce yunwa, kuma ba mai 'ya'ya ƙasa da tara. Ga takardar Sammani, na san shi, Yaya. Biyu gare shi."

"Yunwar ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma ba tambayata suka amsa ba. Malam cewa ya yi ni na zauna a ɗaki na cike su da hannuna. Sati uku ya ba ni." Ta murza idonta. "Ka karanta layin sama?"

Na ce a'a.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce ta kawo biro mu rage 'ya'yan, mu sauya wasu amsoshin, wa zai sani. Ta ce in ta yi haka abin da aka zarge ta da shi ya tabbata. Na ce to mu nemi wasu mutanen. Ta ce waɗanne, duk Batsari an ji Sagiru mai gyaran babur yana rubuta sunan masu shinkafa. Ko ita da ta shigo tasha an tare ta ana tambayar shinkafa.

Asabar muka koma kangon tare. Na tsaya a tsakiya na ce babu shinkafa, ba a taɓa yin ta ba, ni na bar su a kan ƙarya don aikina ya yi sauri. Turai matar Malam Armaya'u ta shiga ɗaki ta fito da buhu wankakke, ta jefo shi gabana.

"Ungo. Tun ran da ka zo na wanke shi. Ka kai ma ƙanwarka ta zuba digirin."

Aka yi dariya, irin wadda ba daɗi. Wani ya zage ni har iyaye. Mahfuza ta jira aka lafa, ta karanta layinta a hankali, sau biyu. Mafi yawa suka watse. Malam Armaya'u ya zauna.

"Tambayi, 'yata. Tun da ba a ba da komi, sai in gaya maki gaskiya. Jikokina biyu ne, ba sha ɗaya ba. Kuma ni na hana su zuwa. Ba ni son su yi nisa da idona."

Sati uku muna yawo, ni tuƙi kawai, bakina a rufe. Talatin da ɗaya muka samu, ba arba'in ba. Malamin ya karɓa, da sharaɗin ta rubuta shafi guda a kan abin da ya ɓata na farkon. Ta karanta mini shi a waya. Ba sunana a ciki, "mai taimaka wa mai bincike" aka ce.

Ba a cire sunanta ba. Ni kuwa har yau in Turai ta wuce gareji sai ta ɗaga murya ta ce, "Mai shinkafa, an iso?" Nakan ce ba a iso ba, Inna, in ci gaba da ɗaure noti.