Jar Masara a Tumbin Sa

Malamin dabbobi ya tsoma hannu cikin tumbin mataccen sa, ya zaro, ya buɗe tafinsa a gaban jama'a. Ƙwayoyin masara ne, jawur da su.

"Wannan irin shuka ne mai magani," in ji shi. "Duk wanda ya ba su wannan, shi ya kashe su."

Shanun huɗar Malam Tanko ke nan, biyu, kwance a bayan gida, ga damina ta kankama. Ilisha yana tsaye a bayan taro yana kallo. Kafin malamin ya wanke hannu, wani ya riga ya ambaci Ukasha, wanda suka yi shekara biyu suna rigimar iyakar gona da Tanko. Sunan ya bi bakuna. Samarin gidan Tanko suka shige ciki ɗaya bayan ɗaya.

Ilisha ya koma gida ta bayan layi. Dattijo ne a ikkilisiyar ƙauyen, gida tara kacal a cikin Musulmin wannan yanki na Saulawa, kuma shekara talatin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ya tarar da matarsa Irene a tsakar gida, ta shimfiɗa wani buhu a kan turmi. Cikinsa duk jan gari.

"Baban Linda, ka gane shi?"

"Buhu ai buhu ne."

"Na ragowar irinka ne. Da na ce a binne, ka ce asara ce. Ka ce cikin sa ba irin na mutum ba ne. Ka juye a dusar da ka aika wa Tanko ta godiyar huɗa."

"Rage murya."

"Na rage. Shanun sun tashi?"

Ya zauna a bakin rijiya. Ba da mugunta ya yi ba, Allah ya sani. Tiya biyu ce ta rage, ya ga ba zai iya zubarwa ba, shi ke nan. Amma ya san garin nan. Kafin maganar ta kai Ikara an sake mata kama: Kirista ya sa wa shanun Musulmi guba. Ba wanda zai tsaya tambayar tiya nawa. Ya ɗaga kai ya dubi rufin majami'a da ke leƙowa ta saman katanga, sabon kwano, bara aka buga.

"Maman Linda, ba ni kaɗai abin zai ci ba. Gida tara ne."

"Na sani."

"Ukasha yana da dangi. Za su tare masa."

"Danginsa suna Gubuchi. Kafin su hau babur an gama." Ta naɗe buhun a hankali. "Gobe Lahadi, Jibin Ubangiji. Kai za ka zaga da gurasa. Ni dai in ka iso layinmu ka wuce ni, ba zan karɓa a hannunka ba."

Ta ajiye buhun a cinyarsa, ta shiga ɗaki.

Ya jima a zaune. Ya so ya yi addu'a, amma duk abin da ya zo bakinsa roƙo ne a rufa masa asiri, shi kuma ya san ba a kai wa Almasihu irin wannan. Sau nawa ya tsaya gaban matasa yana gaya musu gaskiya ba ta da ranar hutu? Ashe bai taɓa biyan kuɗinta ba ne.

Bayan la'asar ya cusa buhun cikin riga ya fita. Shagon mai caji a rufe, mai shayi ya kwashe bencinsa. Mata suna kiran yara su shigo. A ƙofar mai unguwa an cika, an zaunar da Ukasha a ƙasa, hularsa a hannu, leɓensa a fashe. Samarin Tanko na jingine da bango, kowa da sanda.

Tanko na gefe a kan tabarma. Ilisha ya durƙusa kusa da shi.

"Sannu da wannan rashi, Malam Tanko. Allah ya mayar da alheri."

"Amin, Dattijo. Ya iyali?"

"Lafiya. Akwai maganar da na zo da ita. Dusar nan da na aiko..."

Tanko ya kama hannunsa ya matse, bai ko dube shi ba.

"Ni na juye ta da kaina," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da malamin nan ya buɗe hannu na gane. Kai ba mugu ba ne, rowa ce ta yi maka yawa. Tashi ka tafi gida."

"To, Ukasha fa?"

"Ukasha ya daɗe yana nema. Yau zai bar min iyakata, ko ya bar garin. Kai ka tsira, mutanenka sun tsira. Me kuma kake so?"

Ilisha ya dubi Ukasha. Mutumin bai taɓa yi masa ko sannu da kirki ba. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗago daga bango, ya gyara riƙon sandarsa.

"In ka buɗe baki," in ji Tanko, "ba ni da ikon riƙe yaran nan."

"Na sani."

Ya zare hannunsa. Ya tuɓe takalma ya jera su a gefe, ya ratsa mutane har gaban mai unguwa, ya durƙusa. Surutu ya ɗauke. Ya zaro buhun daga riga, ya warware shi a ƙasa, jan cikin yana sama.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "a sallami Ukasha. Masarar tawa ce."