'Yar Kafinta da Tallafin Magajin Gari

Da safiyar ranar Talata, Kafinta ya aske gemunsa. Gemun da ya shekara ashirin yana tattali, ya sa reza ya kwashe shi tas. Matarsa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema a gidan nan?" Ko murmushi bai yi ba, don shi ba wasa ne ya sa shi askin ba.

Autarsa ce ta samu gurbin karatun likita, shagon kafinta kuwa ba zai ɗauki wannan nauyi ba ko da za a sayar da shi har da zarto. Hanya ɗaya ta rage, tallafin karatun da aka kafa don tunawa da marigayi magajin gari, mutumin da ya cika birnin da makarantu. Auta ta nema. Sai ga takarda ta zo, layi biyu kacal: ta zo ofis ranar Talata tare da mahaifinta.

Wannan "tare da mahaifinta" shi ya hana Kafinta sakat. Shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar da magajin gari ya zo buɗe sabuwar firamaren unguwarsu, Kafinta, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ratsa taro ya ɗauki benci guda ya kifar a gaban mutumin. Ya nuna masa ɗanyen katako da ƙusoshin da aka buga a karkace, ya ce, "Ranka ya daɗe, an cuce ka, kai kuma ka cuci 'ya'yanmu." Masu gadi suka yi waje da shi, takalminsa ɗaya a can ya kwana. Tun daga ranar ya sa a ransa cewa an rubuta sunansa a wani littafi, kuma yau za a buɗe littafin a kan 'yarsa.

Ya ari tabarau wajen maƙwabci don kada a gane shi, ya ja wa Auta kunne a hanya. "Ke za ki yi magana. Ni ko gaisuwa, a taƙaice."

"Baba, wa zai tuna da wani benci?"

"Ba ki san mutanen ofis ba."

Aka zaunar da su a wani dogon baranda. To, kujerar da aka ba shi gurguwa ce. Ya jingina ta yi baya, ya gyara zama ta yi gefe. Ya daure. Wallahi ya daure, har minti goma yana kallon silin. Amma mutumin da ya shekara arba'in da katako ba ya iya zama a kan kujera mai rawa, hannunsa da kansa ya zame ƙasa yana laluben inda ta saki. Kafin Auta ta ankara ya miƙe, ya kifar da kujerar, ya ɗage tabarau ɗin aro zuwa goshi, ya zaro ɗan tsinken katako daga aljihu yana cusawa a ramin ƙafar.

Ƙofa ta buɗe. Wani tsoho siriri ya fito da fayil a hammata, tsohon sakataren marigayi ne, shi ke riƙe da ofishin tallafin yanzu. Ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Har yanzu ba ka daina kifar wa mutane da kujeru ba?"

Kafinta ya yi sauri ya tayar da kujerar. Suna shiga ofis, bai jira an ba shi wurin zama ba.

"Yallaɓai, laifin nawa ne. Yarinyar nan shekararta shida a lokacin, ba ta san komai ba. In sunana ne matsala a goge shi, a sa na kawunta, ni na yarda."

Auta ta sunkuyar da kai, kunya da tausayin ubanta suka rufe ta.

Sakatare ya buɗe fayil ya juyo musu da shi. Takardar Auta ce, amma an ninke samanta, inda sunanta da na mahaifinta suke, ga shaidar gam inda aka ɓanɓare. A ƙasa an rubuta lamba da jan biro.

"Haka marigayi yake ɗaukar ma'aikata," in ji shi. "A ninke suna, a manne, a duba aiki. Mu ma haka muke yi. Kwamiti ya gama zaɓe tun makon jiya, lamba suka zaɓa, sai bayan nan na buɗe na ga ko 'yar waye. Ta samu, Malam. Sa hannu kawai muka kira ka ka yi."

Kafinta ya nemi kujera ya zauna.

"Maganar benci kuwa," tsohon ya ci gaba yana miƙa masa biro, "daga ranar marigayi bai ƙara karɓar kayan makaranta ba sai ya kifar ya duba da hannunsa. 'Yan kwangila sun tsine maka ba adadi. Sau biyu ya aike ni shagonka, yana so ka riƙa duba mana kaya kafin a karɓa."

"Kai ne mai farar motar nan?"

"Ni ne."

"Ta ƙofar baya na fita," in ji Kafinta a hankali. "Na ɗauka kama ni aka zo yi."

Ya sa hannu. Da suka fito Auta ta rungume takardarta tana dariya tana share hawaye, ta yi gaba don ta kira mahaifiyarta. Shi kuwa ya tsaya a bakin matakala, inda aka rataye hoton marigayin. Shekara biyar da rasuwar mutumin, ko sau ɗaya bakinsa bai taɓa yi masa addu'a ba.

"Allah ya jiƙanka," ya ce. "Da na sani da na tsaya a shagon."