Sawun Taya a Hanyar Gouna

Sani ya ɗora gaban moton, wato babur ɗin, a kan kututture, ya murza tayar da tafin hannu, ya tsuguna yana kallonta. Sabuwa ce dal, ko gashin robarta bai kaɗe ba, amma tana juyawa tana ɗan karkacewa.

"Da na ƙara wuta sai kan moton ya kama rawa, Yaya," in ji ƙanensa Sama'ila. "Har cikin haƙorana nake jin ta."

Sama'ila ɗan kabu-kabu ne, kuma duk Birni an san maƙonsa a kan taya. Shi ne mai hawanta har zare ya fito, ya kawo a yi masa faci a kan faci. Yau ga shi da sababbi gaba da baya, a wani wuri ma aka sa masa, alhali waɗanda Sani ya sa masa bayan ƙaramar salla ko rabin rayuwarsu ba su ci ba.

"Ina tsofaffin?"

"Na yar."

Sani ya koma kan tayar. Ya sace iskar, ya shafa ruwan sabulu a bakin tayar, ya sake hura ta don ta zauna daidai. Ya bar ta ta tsaya da kanta, ya sa alli a gefen da ya fi nauyi, ya naɗa 'yar dalma a ɗaya gefen. Sama'ila ya zaga da moton ya dawo, rawa tana nan. Sai Sani ya riƙe allin dab da janti, ƙarfen da taya ke zama a kai, ya murza. A wuri ɗaya kawai allin ya taɓa. Jantin ya lanƙwashe.

"Tayar ba ta da laifi. Me ka buga?"

"Rami."

Sani ya sa yatsa tsakanin wayoyin jantin don ya ji waɗanda suka saki, sai ya ci karo da wani abu naɗe a gindinsu. Ya zaro shi a hankali. Ƙyallen shuɗin zane ne, irin wanda tsofaffin ƙauye ke ɗaurawa. Nan take ya tuna labarin da ya ji a masallaci. Ranar kasuwa wani moto ya kaɗe wata tsohuwa a hanyar Gouna, ya tsere. Ta daɗe kwance a rana da ranta, mutane na ratse ta, kowa na tsoron ya taɓa ta jandarma su ce shi ne. Kafin 'yan gidansu su iso ta cika.

Ya ɗaga kai. Sama'ila ya juya masa ƙeya, yana kallon bango.

* * *

Washegari Sa'a, matar Sama'ila, ta kawo abincin rana rumfar Sani. Cikinta ya tsufa, sai da ta dafa ginshiƙi ta huta kafin ta yi magana.

"Yaya Sani, don Allah a gyara masa moton nan ko ya samu natsuwa. Ba ya cin abinci. Jiya yana zaune a kan sallaya na ga hannuwansa suna rawa, kamar yana riƙe da kan moto."

"Za a gyara," in ji Sani.

Da ta tafi ya kasa buɗe kwanon. Ƙyallen yana cikin aljihunsa, ya rasa inda zai yar da shi. Yana jin haushin Sama'ila, yana kuma tausayinsa, don ya san da Sama'ila ya tsaya a ranar, wataƙila da duka za a kashe shi kafin a tambayi sunansa. Sai dai duk lokacin da Sani ya murza tayar, ta zo wurin lanƙwasar ta yi ɗan tsalle, tsohuwar yake gani, wadda bai taɓa sani ba, tana ɗaga hannu ana wucewa. Haka ya zauna yana ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana sassauta wasu, jantin na miƙewa kaɗan kaɗan.

* * *

Bayan la'asar wani mutum ya yi sallama. Dogo ne, ƙafafunsa sun yi fari da tafiya. Ya ce sunansa Ɗanƙarami, manomi ne daga wajen Gouna, kuma Kande, tsohuwar da aka kaɗe, mahaifiyarsa ce.

"Malam, rumfunan masu gyara nake bi. Ba rigima na zo yi ba. Na bi sawun moton cikin rairayi har ya hau kwalta, na kuma riƙe shi a kaina."

Ya durƙusa ya share ƙasa da tafinsa, ya zana da yatsa: layi biyu a tsakiya, da ƙananan rassa suna fita gefe kamar ganyen dabino. Sani bai buƙaci matsowa ba. Da hannunsa ya sa wa Sama'ila tsohuwar tayar mai wannan sawun.

"So nake mai shi ya faɗa mini ko ta yi magana," in ji Ɗanƙarami. "Ko ta kira wani. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai tsaya ba."

Sama'ila, da ya zo karɓar moton, yana zaune a kan benci, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Sani ya dube shi, ya ba shi lokaci, yana roƙon Allah a ransa ya buɗe baki. Sama'ila bai ɗago ba. Sani ya tuna Sa'a da cikinta. Kunya ta rufe shi tun kafin ya yi maganar.

"Irin wannan tayar ta cika gari, Malam. Allah ya jiƙanta."

"Amin. Na gode." Ɗanƙarami ya miƙe ya kaɗe gwiwoyinsa, ya nufi rumfa ta gaba.

Sani ya mayar da tayar, ya ɗaure, ya murza ta. Ta yi ta juyawa sumul, ba karkata, ba ƙara. Aiki ya yi kyau, irin wanda da wata rana ce zai kira maƙwabta su gani.

Sama'ila ya tayar da moton. Ƙofar rumfar ƙunci gare ta, ba ta inda zai kauce. Ya tsaya jim yana kallon zanen da ke ƙasa, sannan ya saki birki, sabuwar tayar ta bi ta kan zanen.