Kamfanin da Na Gina wa Baba da Baki

Bizar kwana goma sha huɗu aka ba Baba, kuma abu ɗaya ne ya ɗauko shi daga gida ya hau jirgi a karon farko a rayuwarsa: buɗe asusun banki. Kafinta ne. Shekara arba'in yana haɗa ƙananan kujeru a wata rumfar kwano da ke bayan gidanmu, shi da ƙanensa, kuma ba ya sa ƙusa ko ɗaya, tsaga yake yi katako ya shiga cikin katako ya zauna daram. Wata mai shagon kayan ɗaki a garin da nake zaune a ƙasar waje ta ga ɗaya a falona, ta juya ta sama da ƙasa, ta ce tana son irinta duk wata. Sharaɗinta ɗaya ne, a samu asusu a ƙasarta da sunan mai yin kujerun, ba sunan ɗansa ba, kuma kafin wata ya ƙare. In ba haka ba za ta ba wani aikin.

Ni kuwa uban iyawa na ce wannan ai ba komai ba ne, ina da mutum a banki.

Mutumin nawa shi ne Gola. Ranar Lahadi muke buga ƙwallo tare, shi ke tsaron raga, daga nan sunan ya bi shi. Ɗan ƙasar ne, yana zama a tebur na uku in ka shiga reshen bankin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Matsalar ita ce, wata rana bayan wasa muna zaune muna cire takalma, kowa yana ba da labarin ubansa, wannan likita, wancan lauya, da aka zo kaina sai bakina ya ce ubana yana da kamfanin kayan katako. Ba wanda ya matsa mini, wallahi. Haka kawai na ji kalmar kafinta ta maƙale mini a wuya. Shekara uku ke nan, har na manta na faɗa.

Da safiyar da za mu tafi bankin, Baba ya fito da wata ambulan ruwan ƙasa da ya lulluɓe da leda biyu. A ciki akwai fasfo, da takardar wutar lantarki mai adireshin gida, da wasiƙar mai shago, da hotuna shida na rumfarsa. A ɗaya yana tsaye da singileti, garin katako har cikin gira, ƙanen nasa yana dariya a baya da zarto a hannu.

Na ce, "Baba, hotunan nan ba sai an je da su ba."

Ya ce, "To yaya za su san aikina, Auta?"

"Su takarda suke dubawa, ba hoto ba."

Ya dube ni, ya zare hotunan ya ajiye a kan firij. Na sa masa kwat ɗina, hannun ya yi masa tsawo har ya rufe yatsunsa. Na ga haka, kuma na ji daɗi a raina, Allah ya yafe mini, don babban yatsansa na hagu rabi ne, injin yanka ya cinye sauran tun ina goye.

Muna shiga Gola ya miƙe tsaye, ya zagayo tebur, ya kama hannun Baba da hannu biyu. Cikin yarensu ya ce, "A'a! Yau ga mai kamfani da kansa!" Baba ya juyo yana murmushi ya ce me ya ce? Na ce cewa ya yi sannu da zuwa.

Aka zauna. Gola ya jawo kwamfuta ya ce tunda Baba ba mazaunin ƙasar ba ne, tambayoyin suna da ɗan yawa, amma kada mu damu. Suna, ranar haihuwa, adireshi, duk suka tafi lafiya lau. Sai ya zo kan sana'a.

Na ce, "Baba, wai aikin me kake yi?"

Ya gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, shi yake yi in baƙo ya tambayi yadda kujera ke tsayawa ba ƙusa. Ya ce, "Gaya masa ni kafinta ne. Ni da ƙanena muke yi, da hannu. Ka ce masa a wata muna iya fitar da goma sha biyu in jiki ya yarda, kuma ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba."

Na juya wajen Gola. Yana kallona yana murmushi, yatsunsa a kan madannai. Sai na ji muryata tana cewa, "Shugaban kamfanin kayan katako ne."

"Ma'aikata nawa?"

"Talatin."

Kai, talatin! Ko biyar ban ce ba. Har yau ban san daga ina lambar nan ta faɗo mini ba. Gola ya rubuta yana gyaɗa kai, Baba ma yana gyaɗa kai, yana ganin an kai maganarsa inda ya aike ta. Aka buga takardu, aka nuna masa inda zai sa hannu, ya ɗage hannun kwat ɗin ya rubuta sunansa a hankali, harafi bayan harafi. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Karatun nan naka bai tafi a banza ba." Na ce masa mu yi sauri kada mota ta wuce mu.

Kwana biyu ina lallashin kaina. Wa zai duba? Takarda ce za a jefa cikin dubban takardu. A rana ta uku ina wurin aiki, a sito inda muke jera kwalayen magani, wayata ta yi ƙara. Gola ne, amma ba da muryar filin ƙwallo ba. Ya ce shugabar reshe tana son ganinmu gobe da ƙarfe goma, mu biyun.

Ofishinta ƙarami ne, bangon gilashi, tebur ɗaya da kujeru uku da tukunyar fure da ta fara bushewa. Mace ce mai furfura, ba ta da fara'a kuma ba ta da wulaƙanci. Ta ajiye takardu biyu gefe da gefe. Ta ce wasiƙar mai shago ta ce mutum ne mai aikin hannu shi da ɗan'uwansa, takardar da aka cike kuma ta ce kamfani mai ma'aikata talatin, kuma ba takardar rajistar kamfani. Ɗaya daga cikin biyun ba gaskiya ba ne. Na buɗe baki zan fara kame-kame, ta ɗaga hannu. Ta ce in aka samu irin wannan saɓani, ƙa'idarsu ita ce dangin mutum ba sa yi masa fassara, tafintan banki ake kira.

Ta danna waya ta sa a tsakiyar tebur. Bayan ɗan jira sai ga muryar wani dattijo, Hausa tsaf, ya yi sallama. Fuskar Baba ta washe, ya amsa har da tambayar iyali da gajiya.

Tafintan ya ce, "Baba, zan karanta maka abin da aka rubuta da sunanka, ka ce mini haka ne ko ba haka ba. An rubuta kai shugaban kamfani ne."

Tafintan ya ci gaba.

"An rubuta kana da ma'aikata talatin."

Bai juyo ya dube ni ba. Da ma ya juyo, da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Idonsa yana kan wayar, hannayensa a kan gwiwa. Ni ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, ga Gola can ta bayan gilashi yana yi kamar yana duba wasu takardu.

Shugabar ta yi magana mai ɗan tsawo, tafintan ya juya ta ba ragi ba ƙari. Ya ce tana son sanin daga bakin wa maganar ta fito. In mai neman asusun ne ya faɗa, to an ƙi buƙatarsa, kuma ba zai sake nema ba sai bayan wata shida. In kuwa wanda ya fassara ne ya canza magana, za a iya sake cike wa Baba takarda yanzu-yanzu da gaskiyar sana'arsa, don aikin hannu ba laifi ba ne, suna buɗe wa irinsu. Amma shi mai fassarar dole su rufe asusunsa su kai rahotonsa, kuma irin wannan rahoto yana fitowa in mutum ya je sabunta takardar zama.

Takardar zamana saura wata huɗu ta ƙare. Baba ya sani, don a waya na sha yi masa ƙorafi a kai.

Ga dama ta zo, kalma biyu kawai, ni ne. Na ji su a bakina. Ina nan ina lissafin haya da aiki da shekaru bakwai da na yi a ƙasar nan, tir da ni, sai Baba ya matso da kujerarsa kusa da wayar.

Ya ce, "Malam, gaya mata ni na faɗa."

Tafintan ya ce, "Baba, ka fahimci abin da zai biyo baya?"

"Na fahimta. Ni na ce masa ya faɗi haka. Na ga wuri mai kyau, na so a ɗauke ni da daraja. Yaron nan abin da na ce kawai ya juya."

Mutumin da ko a ciniki in katako yana da tsaga a ciki sai ya juya ya nuna wa mai saye. Shi ne yau yake zaune cikin kwat ɗin aro yana ɗora wa kansa ƙarya a gaban baƙuwar mace. Tafintan ya fassara. Shugabar ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe tana dubana, na tabbata ta gane komai. Ta tambaye ni cikin yarensu ko ina da abin da zan ƙara. Na sunkuyar da kai na ce babu.

Ta buga hatimin ƙin buƙatar, ta mayar masa da fasfonsa da hannu biyu.

Muka fito. Gola bai ɗago ba, ni ma ban nemi ya ɗago ba. A bakin titi na fara surutu kamar wanda aka kunna, akwai wasu bankuna, zan kira, zan nemi alfarma. Alhali na riga na bincika tun kafin ya zo, ko'ina sai an jira sati uku kafin a ga mutum, shi kuwa jirginsa ranar Asabar ne. Ni da Baba muka isa tashar mota. Ya zauna a kan bencin ƙarfe, ya cire kwat ɗin ya ninke shi da kyau ya ɗora mini a cinya, ya zauna daga shi sai rigarsa a cikin iskar nan.

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Bari in koma in gaya mata."

Ya ce, "Zauna. An gama."

"Wallahi ban san abin da ya shiga kaina ba."

"Na sani ni." Sannan ya ce, "Tun yaushe kake gaya musu haka?"

Na ce shekara uku.

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin katako. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har kunnuwana zafi suke yi, ga hawaye ga majina, ƙato da ni a bainar jama'a. Bai rarrashe ni ba, bai kuma ƙara mini ba. Ya nuna aljihuna da haɓa.

Ya ce, "Ciro wayarka ka kira matar shagon. Ka ce mata kafintan ya gode, amma asusu bai samu ba, ta ba wani aikin."

Na ciro wayar, na nemo lambar. Ta fara ƙara.

Ya ce, "Auta."

"Na'am, Baba."

"Yadda na faɗa za ka faɗa mata."