Bangon Ɗakin Harira

Malam Habibu bai mayar mata da katin shaidar ba sai da ya juya shi gaba da baya, ya dubi hoton, ya dubi fuskarta. Hijabin da ke hoton ruwan toka ne, na jikinta kuwa baƙi. Ya ajiye wannan a ransa.

Ta ce sunanta Jamila, aikinta auna yadda gida ke shan wuta da yadda yake riƙe zafi, kuma tana da lasisin yin haka. Kamfanin da ɗansa Sharhabil ya yi magana da su daga Abuja kan sa wa gidan sola ne suka turo ta. Ba sa kafa komai sai an duba gida an ba shi maki.

Kalmar makin nan ce ta tsaya masa a rai. Shekarun da ya yi yana jan mota daga tashar Kawo sun koya masa cewa ba a yi wa abu maki sai in za a sa masa farashi. Bara ma haka wasu suka shiga wani gida a nan Rafin Guza suna awo, kafin azumi sai ga magada sun sayar. Ga shi Sharhabil ya daɗe yana mitar unguwar ta cushe, gara su tattara su koma wurinsa.

Ya bar ta ta shiga, amma duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita.

Ta leƙa rufin kwano, ta duba tagogi da ƙwayayen fitila, ta tambayi shekarun fanka. Shi kuwa amsa yake ba ta a gutsure, wata ma da gangan ya karkatar da ita. Matarsa Harira ce ta ɓata masa shiri. Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ita take marmarin baƙo, don haka ta zuba wa Jamila zoɓo, ta kuma zayyana mata komai, har da firizar da ta sa aka shigar mata ɗaki don ta riƙa sayar da ƙanƙara daga bakin gado.

Da Jamila ta fito da wata na'ura mai nuna zafin bango da launuka, ya tambaye ta ina hotunan za su. Ta ce ofis. Ya ce wato duk wanda ke ofishin zai san ƙofofin gidansa ke nan. Ta yi alkawarin ba za ta ɗauki ƙofa ko ɗaya ba, ba ta kuwa ɗauka ba.

A ɗakin Harira ne Jamila ta tsaya cak. Ta daɗe tana haska bangon da ke kan gadon, sannan ta juyo masa da na'urar. Wani jan layi ya sauko daga sama ya ɓace a bayan gado.

"Baba, wannan ba maganar maki ba ce," in ji ta. "Wayar wutar da ke cikin bangon nan ta yi wa firizar ƙanƙanta, ta ɗauki zafi sosai. Don Allah kada Mama ta kwana a nan da wuta a kunne."

To, ga shi nan an zo wurin, ya ce a ransa. Haka makanikai suke yi, ka kai gyaran birki su gano maka ciwon inji. Ya tambaye ta a hankali wane mai gyara za ta haɗa shi da shi. Ta ce ba ta da kowa, aikinta ma ya hana ta nuna wani. Ta ce ya kira duk wanda ya yarda da shi, amma ya zama yau.

Wannan ya fi damunsa, domin ya rasa inda ribarta take. Can sai ya gano: in aka rubuta cewa gidan na da haɗari, Sharhabil ya samu hujjar kwashe su.

"Ƙanena Sagir ne ya ja wayar gidan nan da hannunsa," ya ce. "Har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa kuka da aikinsa."

"Allah Ya jiƙansa. Lokacin da ya ja ta babu firiza a nan. Taɓa bangon ka ji, Baba."

Ya mayar da hannayensa baya ya harɗe. Ta dube shi, ta dubi Harira, ta haɗa kayanta ta yi sallama. A zaure ta sake maimaita masa cewa a yi gyaran yau.

Bayan la'asar Sharhabil ya kira, Malam Habibu ya bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Sai da magariba ta kawo kai, Harira ta dogara sanda ta fita alwala, sannan ya shiga ɗakin. Ya ja gadon kaɗan, ya ɗora tafinsa a bango, ya janye da sauri. Daga bayan gadon wani warin roba ke tasowa, wanda ya kwana biyu yana ɗora wa masu ƙona shara a bayan layi. Har ya fara tunanin ko na'urar yarinyar ce ta jawo zafin, amma ko shi bai iya gaskata wannan ba.

Ya fita zaure ya sauke makunnin wutar gidan gaba ɗaya. Firiza ta yi tsit.

"An ɗauke ne, Malam?" Harira ta tambaya daga tsakar gida.

"An ɗauke."

Talabijin ɗin maƙwabta na ta labarai ta kan katanga, fitilarsu na haska rassan darbejiya. Harira ta ɗaga kai ta dubi hasken. Ta dai ce ya fito mata da katifa waje, yau ɗakin ba zai kwantu ba.

Da ya shimfiɗa mata, ya zauna bakin tabarma yana laluben lambar wani mai gyaran wuta a Kinkinau, wanda ya tabbata Sharhabil bai san shi ba, yarinyar ma ba ta san shi ba.