Allunan da Aka Ce a Zubar

Baba Kafinta ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na ƙarshen baranda, ƙofa da taga duk a rufe. Maƙwabciyarsa mai ɗinki ce ta fara ganinsa. Ta je mayar masa da guduma, ta tarar da shi zaune jikin bango, abin shaƙarsa na asma a hannu, ko murfin bai cire ba.

Jiya-jiya ya tsokane ta a bakin famfo.

"Maman Jinjiri, keken nan naki in ya fara ruri, zartona ma kunya yake ji."

"Baba, bar zancen keke. Dubi yadda idonka ya yi ja, ga tari."

"Tsufa ne, 'yata. Ba a sayar da maganinsa a kanti."

Washegarin rasuwar, mai kula da sabon ginin da marigayin ya yi wa kabad-kabad ya zo gaisuwa. Ya leƙa ɗakin, ya ja da baya yana toshe hanci. Wani wari mai yaji ya biyo shi. Alluna ne jere daga ƙasa har rufi, irin na garin katako da ake matsewa da gam. Kowace kafa ta taga an cusa mata tsumma.

"Wa ya toshe tagar nan?"

"Shi da kansa," in ji mai ɗinki. "Ya ce irin wannan allo in ya sha danshi kumbura yake yi, ya lalace."

Mutumin ya zauna a kan dakali. Ya ce masu ginin suna neman shaidar cewa gininsu ba ya cutar da lafiya ko muhalli. Masu dubawa sun auna iskar ɗakunan, sun ce gam ɗin allunan yana fitar da tururi fiye da ƙa'ida. Aka sa a ɓalle su duka, a kawo waɗanda aka gwada.

"Ni na ce masa ya kwashe ya zubar."

"Baba ya zubar da katako? Mutumin da ko lanƙwasasshiyar ƙusa ya gani a hanya sai ya tsinta ya miƙe ta?"

Ta matso kusa da shi.

"Malam, su ne suka kashe shi?"

"Wallahi ban sani ba, 'yar'uwa. An dai ce kada a zauna da su a rufaffen wuri." Ya ɗago kai. "Ya taɓa ba wani a gidan nan?"

Ta ruga ɗakinta ba takalmi.

Jinjirin yana barci a ɗan gadon da Baba ya ƙera masa kyauta, kumatunsa manne da allon gefe. Tun makon jiya idanunsa ke ruwa, ta ce haƙori ne. Ta ɗauke shi, ta sunkuya ta shinshina gadon. Warin yana nan, ƙarƙashin ƙamshin hoda.

A asibiti likita ya saurari ƙirjin yaron, ya daɗe yana saurare. Ya ce ba zai yanke magana ba tukuna, a dawo da shi a sake dubawa.

Gadon yana tsakar gida yanzu, kusa da famfo. Baba ya goge kusurwoyinsa sumul don kada su karci yaron. Ruwan famfo ya fara taɓa ƙafa ɗaya, ta soma kumbura.